DAGA DAKKO ZUWA BALIN: A Turai Na Fara Kallon 'Shaihu Umar'

Tun da na dawo daga 'yar tafiyar da na yi zuwa Turai a watan Fabrairu da farkon Maris na 2024, tambayoyin da ake yi mini ba su wuce uku ba. Wai da gaske akwai sanyi? Ka taɓa ƙanƙara da hannunka? Sai kuma babbar, wadda samarin majalisarmu a Talatar Mafara ba su gajiya da ita: "To kai don Allah mi ya maido ka?" Edita ma ya tasa ni gaba, ya ce in ban rubuta ba kada in sake kawo masa labarin kowace jaruma. To ga shi na rubuta, sai ku gyara zama.

Mu dai a Dakko, Turai ta farko da muka sani ta cikin finafinan Indiya muka san ta. Ana cikin rigima a Bombai, sai a ɗauko waƙa, sai ka ga Shah Rukh Khan da Kajol sun ɓulla a kan wani dutse fari fat, ita da sari shara-shara ko atishawa ba ta yi. Ta biyu kuma ta finafinanmu ce: ɗan Alhaji ya dawo daga Landan da kwat da baƙin gilashi, ya ce ba ya cin tuwo. Alhali Bahaushe ya daɗe yana zuwa can yana ba da labari. Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, ya bi Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, suka isa Landan a 1855, ya ga Hambug da Balin, kuma labarinsa ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ni ɗan rahoton fim ne kawai, don haka abin da ya shafi sana'ata shi idona ya fi gani.

Wata ƙungiya mai tallafa wa matasan 'yan jarida ce ta ɗauki nauyin jirgi da masaukina don in halarci bikin finafinai na Balin, wato Berlinale. Sauran yawon kuwa daga ɗan abin da na tara ne, da gudummawar yayyena. Kada mai karatu ya ɗauka abin wasa ne, don a watan nan yuro 1 ta haura naira 1,500, ruwan sha ma sai ka yi lissafi kafin ka kurɓa. Bizar da suka buga mini ita ce ta Shengen, wadda in ka shiga ƙasa ɗaya da ita sauran ba mai tare ka.

Ranar da zan tashi na je sallama wurin kakana na wajen uwa, wanda ya yi leburanci a aikin madatsar Bakalori yana saurayi. Yana kishingiɗe a zaure ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nema, an ce Turai za ka tahi? To in ka isa Italiya ka gaishe mani da mutanen Imfirasit. Ka hwaɗa masu leburansu shina nan da rai, kuma har yau bayanai na ciwo." Na ce, "To Baba Tsoho, in suka ba ni kuɗin sallamarku ni zan cinye." Ya jefo ni da carbi. Inna kuma ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kwaki, kuma wallahi su suka rufa mini asiri.

Abin da zan faɗa game da hanya kaɗan ne. Daga Bakura zuwa Gusau zuwa Funtuwa na fi yin addu'a fiye da duk awannin da na yi a sararin samaniya. Wanda ya san halin da hanyoyinmu ke ciki da 'yan bindiga ya san abin da nake nufi.

Na sauka Balin da hantsi, amma ka rantse magariba ce. Sama ta yi toka-toka, rana ba ta leƙo ba sai bayan kwana uku. Jamusawa suna ta cewa ai bana ba a yi sanyi ba, kuma gaskiyarsu, daga baya masu auna yanayi sun ce ba a taɓa yin Fabrairu mai ɗumi irin na 2024 a ƙasar ba. Ni kuwa riga huɗu na jera, da hular sanyi a ƙarƙashin zanna-bukar, haƙorana suna kaɗawa. Hunturun da muke kuka da shi a bakin gulbi ashe shafar mai ne.

Amma shirun garin ya fi sanyin damuna. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa cike da mutane, ba mai cewa uffan. Rana ta farko na yi sallama a ƙofar tarago, wata tsohuwa ta janye jakarta, karenta ya ɗago kai ya dube ni. Karen ma da rigar sanyinsa. Mutum zai shekara goma da maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Ban ɗaki a tasha sai ka biya, kuma babu buta, dole gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya. Gorar ma kuɗi ce, in ka mayar da ita kanti injin zai ba ka santi 25, shi ya sa za ka ga tsofaffi, Turawa jar fata, suna leƙa kwandon shara suna tsinta. Wannan ba a nuna mana shi a fim ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe. Abinci kuwa Allah Ya saka wa Turkawa da alheri, gurasarsu mai nama da ake kira dona ita ce kalacina ita ce abincin darena, don a nan ne hankalina ya kwanta da yanka.

Bikin Berlinale an fara shi tun 1951, wanda na halarta shi ne karo na 74, daga 15 zuwa 25 ga Fabrairu. Shugabar alƙalan ita ce Lupita Nyong'o 'yar Kenya, baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan kujera. Na ga jan kafet, na ga fitilu, na hango Martin Scorsese daga nesa ranar da aka karrama shi. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan kallo. Malamin makaranta, direban bas, tsohuwa da sandarta, su sayi tikiti su zauna su kalli fim daga Iran ko Nefal da harshen da ba su ji, suna karanta fassara a ƙasa. Ba mai amsa waya, ba mai ba na kusa da shi labarin abin da zai faru. In fim ya ƙare ba mai tashi sai sunan mai shayin lokeshin ya wuce. Daga nan darakta ya hau dandamali a yi masa tambayoyi, wasu masu zafi, kuma bai ce an ci masa mutunci ba. Na tuna furodusoshinmu da in ka rubuta cewa labarin fim ɗinsu ya yi rauni sai su daina ɗaukar wayarka wata shida.

Ku tuna fa ni ɗan Zamfara ne. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen silima a jihar, don haka mu a tsakar gida muka tashi muna kallo, da janareto da tabarma. Zama cikin duhu da mutum 1,000 ana numfashi tare baƙon abu ne a wurina.

Fim ɗin da ya ci babbar kyauta, wato Beyar Zinare, shi ne Dahomey na Mati Diop, 'yar asalin Senegal. Awa ɗaya ne da 'yan mintoci, a kan kayan sarauta 26 da sojan Faransa suka kwashe daga Abome a 1892, aka mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Akwai wurin da ɗaliban jami'a ke gardama, wasu na murna, wasu na cewa 26 daga cikin dubbai ai raini ne. Ina zaune ina jin kamar a majalisarmu ake yi.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Akwai wata cibiya a Balin mai suna Arsenal. Ba ƙungiyar ƙwallo ba, kada 'yan Gunners su yi tsalle. Ma'ajiyar finafinai ce. A lokacin silimarsu tana dandalin Potsdamer Platz, kafin su tashi daga nan a ƙarshen 2024, amma rumbun ajiyar yana unguwar Wedding, a wani gini da a da can gidan ƙona gawa ne. Da na ji haka sai da na yi a'uziyya kafin in sa ƙafa. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni daga ina, na ce Arewacin Nijeriya, ina jin Hausa. Sai fuskarta ta washe ta ce, to ai ka san Shaihu Umar. Na ce littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mun karanta a sakandare. Ta ce a'a, fim ɗin.

Jama'a, kowane ɗan rahoto a industiri ya san sunan fim ɗin nan. Marigayi Adamu Halilu ya shirya shi a 1976, shekara 14 kafin 'yan Tumbin Giwa su fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. Muna ambatonsa duk lokacin da muke rubuta tarihin fim ɗin Hausa. Amma a cikin sa'o'ina ban san mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa da ido ba. An daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, da ƙoƙarin su Didi Cheeka na ƙungiyar masu son fim ta Legas. Aka kawo shi Balin, Arsenal suka wanke shi, suka ɗauki hotonsa gaɓa-gaɓa zuwa kwamfuta, suka gyara launi da sauti, aka nuna shi a Berlinale ta 2018.

Ta zaunar da ni a wani ɗan ɗaki, ta sa mini abin ji a kunne, ta kunna. Fiye da awa biyu ban motsa ba. Umaru Ladan ne Shaihun, zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa. Ga ayarin raƙuma, ga rairayin Sahara ya cika allo, ga riguna da rawuna irin waɗanda sai a hoton kakanni. Kyamara ba ta gaggawa. In mutum zai yi sallama ya shiga zaure, sai an bar shi ya yi sallamar, an amsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Hausar kuma tsab, ba "as in", ba "you know". Inda uwar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Baturiyar ta leƙo ta ga halin da nake ciki, ta ja ƙofa a hankali ta koma.

Da na fito, murna da haushi suka haɗu suka tsaya mini a wuya. Fim da harshena, labarin Firayim Ministan ƙasata, sai da na nemi biza na keta teku sannan na gan shi. Ta nuna mini ɗakin da suke ajiye gwangwanaye, sanyi kamar cikin firji, kowanne da lamba da takardarsa. Ta ce zafi da laima su ne ajalin fim. In ya fara lalacewa wani warin tsami yake yi, kuma yana harbin na kusa da shi. Kaset ɗin bidiyo ma, in ji ta, in ya shekara 20 zuwa 30 sai abin da hali ya yi, balle a ƙasa mai zafi.

Nan gabana ya faɗi. Ku lissafa da ni: Sangaya 1999, Wasila 2000. Duk zamanin da ake kira na zinare a Kaniwud a kan kaset aka yi shi, kuma shekarun nan sun cika. Ina uwar kaset ta finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro na farko-farko? Ina ta marigayi Ahmad S. Nuhu? Abin da ke YouTube yawanci kwafin kwafi ne, hoto na rawa, fuska ta narke, an yanke farko an yanke ƙarshe. Ni da idona na ga inda kaset ɗinmu suka ƙare. Lokacin ina makarantar kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, wani mai shagon haya ya koma sayar da caja da katin waya, ya kwashe buhu-buhu na kaset ya sayar wa manoman shinkafa. Suka farke su, suka zare zaren, suka ɗaura a kan sanduna a fadamun Bakalori, in iska ta kaɗa yana ƙyalli yana ƙara, tsuntsayen jan-baki su gudu. A lokacin dariya muka yi ta yi, muna cewa ga Fati Mohammed can tana gadin shinkafa.

Daga Balin na shiga jirgin ƙasa zuwa Kolon. Kada a ce muku jirginsu ba ya latti, namu ya yi kusan awa guda, Jamusawa suna ta tsaki kamar a tashar Gusau. Kana fitowa daga tasha sai ka yi karo da majami'ar nan mai tsawon mita 157. An fara ginin a 1248, ba a gama ba sai 1880, kuma har yau akwai magina na dindindin da ba su da aiki sai canza dutsen da ya ci. Na yi salla a babban masallacin Turkawa na unguwar Ehrenfeld da aka buɗe a 2018, na leƙa Bon, garin da muryar sashen Hausa na DW ke fitowa. Ƙaramin gari ne shiru a bakin kogin Rayin. Na tsaya a gaban ginin ina tuna rediyon Baba Tsoho mai ɗaure da roba. Beljiyam kuwa awa biyar na yi a Burasels, na ci soyayyen dankali, ruwan sama ya kore ni. Ba ni da abin cewa.

Faris ta fi kama da garin mutane. Akwai hayaniya, akwai datti, akwai masu yankan aljihu, kuma a unguwar Barbes da Shato Ruj sai ka ɗauka Kwatano kake: kuɓewa, busasshen kifi, atamfa, goro. Hasumiyar Ifel na gan ta, ƙarfe ne mai tsawo, na ɗauki hoto saboda Inna. Majami'ar Notre-Dame da ta yi gobara a 2019 tana lulluɓe da ƙarafan gyara, sai a Disambar 2024 aka sake buɗe ta. Na yi Juma'a a Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi. Sahu ɗaya da Balarabe da Bawolofe da Bature, bayan sallama kuma aka yi musabaha. Ranar ce na fara jin ɗumi a Turai.

A nan Barbes ɗin akwai wata silima mai suna Louxor, an gina ta a 1921. Akwai zamanin da finafinan Indiya da na Masar take nuna wa baƙi 'yan ci-rani, kamar dai yadda El-Dorado da Plaza suka yi a Kano. Ta mutu, ta zama gidan rawa, ta zama kango, sai hukumar birnin ta saye ta ta gyara, aka sake buɗewa a 2013. Na kuma je Sinematek, babbar ma'ajiyar finafinan Faransa, wadda wani mai suna Henri Langlois ya kafa da abokansa a 1936. Mutumin nan tsince-tsince ya fara, duk fim ɗin da kamfani zai zubar sai ya kwashe, ana ba da labarin har a bahon wankan gidansu yake tarawa, kuma lokacin mamayar Hitila ya ɓoye da yawa. A ɗakin littattafansu na tarar an san Oumarou Ganda, wanda aka nuna fim ɗinsa Cabascabo a bikin Kan a 1969, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, an san Moustapha Alassane da ya zauna a Tawa. Maƙwabtanmu ne na Nijar, amma sau nawa muka rubuta sunansu a shafukan nan?

Sai dai kada in cika ku da yabo. A gidan tarihi na Quai Branly, inda kayan Abome suka fito, na ga ɗakuna cike da kayan Afirka a bayan gilashi, da fitila da mai gadi. Iya ajiyar Bature ta haɗa har da ajiye abin da ba nasa ba. Ka biya kuɗi ka kalli kayan kakanninka, a ce kada ka taɓa. Raina bai so wurin ba, ban daɗe ba na fita.

Hanyar jirgi ta kai-tsaye daga Faris zuwa Italiya a rufe take a lokacin, dutse ya zaftaro mata tun Agustan 2023, sai a 2025 aka buɗe. Wannan ya sa na zagaya ta Suwizalan, kuma na gode wa dutsen nan. Daga Lozan jirgi ya bi gefen tafki, ga duwatsu sanye da farin rawani. Nan ne fa gonar su Yash Chopra, a tsaunukan yankin aka ɗauki Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, har mutum-mutuminsa suka kafa a garin Intalaken a 2016 saboda 'yan yawon buɗe idon da ya jawo musu. Na manna goshi a taga ina jiran Kajol ta ɓullo. Shanu kawai na gani, su ma a ƙofar garke. Shayi kofi ɗaya a jirgin ya kusa kuɗin motar Mafara zuwa Sakkwato, na haƙura na ɓare ƙuli-ƙulina.

Tsakanin Milan da Turin sai ƙasa ta baje, na ga abin da na sani: fala-falan gonakin shinkafa, da kunya-kunya da magudanai, ba a sako ruwa ba tukuna. Yankin Barcelli ke nan, rumbun shinkafar Turai. Babbar hanyar ruwan da ke shayar da su, Kanal Kabur, ta fi kilomita 80, an gama ta a 1866, kuma tana aiki. Manoman da kansu ke da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ruwa tana yashe magudanai kowace shekara. To 'yan ƙasar nan ne, kamfanin Impresit na rukunin Fiat, suka gina mana Bakalori daga 1974 zuwa 1978, da niyyar shayar da kadada 23,000. Kowa a Bakura da Maradun da Mafara ya san sauran labarin: gonakin da aka karɓe, diyyar da aka yi ta jira, da abin da ya faru a Birnin Tudu a Afrilun 1980 da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen gari suka ce ɗaruruwa ne. Bayan wannan jinin, ba a shekara 30 ba magudanai suka cushe da kacalla, injinan feshi suka mutu, sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya a 2014 aka fara gyara. Kuma abin da ya shafe mu: shekara sama da 40, ban ga fim ɗaya na Hausa a kan Birnin Tudu ba, waɗanda suka gani da ido kuma suna ta tafiya. Saƙon Baba Tsoho dai ban sami wanda zan ba ba, sunan kamfanin ma ya narke cikin wasu kamfanoni. Na faɗa wa gonakin ta taga.

A Turin gidan tarihin silima yana cikin wani dogon gini mai tsini da ake kira Mole, mita 167. Wata mata ce, Maria Adriana Prolo, ta fara tara kayan a 1941. Akwai fitilun majigi na da, da fastoci, da rigunan 'yan wasa, a tsakiya kuma jajayen kujeru da za ka kwanta kana kallon allo a sama. Na tuna fastocin da ake mannawa a Bata da Kasuwar Ƙofar Wambai, waɗanda masu ƙosai suka gama naɗe kaya da su.

A kasuwar Porta Palazzo ina taya lemo da hannu, sai na ji an ce a bayana, "Malam, hular nan taka ta gida ce." Na juya. Wani saurayi ne ɗan Damagaram, yana tura amalanken kayan gwari. Muka rungume juna kamar uwa ɗaya ta haife mu. Da ya tashi aiki ya kai ni ɗakinsu, su biyar a ciki, ya dafa mana shinkafa da wake, na zazzage masa sauran yajin Inna. Ta Agadas ya bi, zuwa Dirku, zuwa Sabha, ya yi wata 8 a tsare a Libiya sai da gida suka sayar da gona, sannan kwale-kwalen roba zuwa Lamfedusa. Su biyu suka taso daga unguwarsu, shi kaɗai ya iso. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga fiye da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun nan daga 2014. Shekararsa 6 bai ga mahaifiyarsa ba, takardunsa ba su fito ba. Hotunan da yake turawa gida a jikin motocin mutane yake ɗauka.

Na ce, "Ɗan'uwa, me ke ɗebe maka kewa?" Ya zaro waya ya nuna mini: Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa. Ya ce amma tsofaffin yake nema, waɗanda ya kalla yana yaro a gidan kakarsa, ya lissafo mini guda huɗu. Muka bincika tare har dare. Ɗaya muka samu, shi ma rabi.

A daidai lokacin fim ɗin Io Capitano na Matteo Garrone yana takarar Oscar, labarin samari biyu 'yan Senegal da suka bi ta Agadas zuwa Italiya. Na tambaye shi ko ya gani. Ya ce ya fara, da aka zo wurin kurkukun Libiya ya kashe. Hanyar nan fa ita ce ta Shaihu Umar, ita uwarsa ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Labarinmu ne tun 1934 da littafin ya fito, a tashar Agadas da Hausa ake ciniki, amma Ba'italiye ne ya zo ya yi shi da girman da ya kamata, mu muna can muna rigimar uwar miji da kishiya kashi na 9. Duk wanda ya sake tambayata abin da ya maido ni, wannan ɗakin na mutum biyar nake ba shi labari.

Na dawo gida ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Wata guda kafin tafiyata, a Janairun 2024, aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, hukumar da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos take ƙarƙashinta, kuma tun 2019 Jami'ar Jos ta fara digiri na biyu a kan adana fim tare da wata jami'a ta Farankfot. Wato masu ilimin da injinan sun fara samuwa. Ranka ya daɗe Sarki, kai ka fito a finafinan nan, ka san gidan kowane furodusa a Fagge da Gwammaja, ka san wanda uwar kaset ɗinsa ke ƙarƙashin gado. Mota ɗaya da mutum biyu masu littafin rajista za su yi aikin da ba a taɓa yi ba. A kuma kawo Shaihu Umar a zagaya da shi makarantunmu, ko da majigi ne a filin ƙwallo.

Ni dai na fara nawa. Na bi tsohon mai shagon nan na Mafara har gida, muka buɗe wani akwatin ƙarfe a ɗakin kaji, muka sami kaset 31 da manoma ba su kai gare su ba. Guda 9 sun yi fumfuna, sauran na goge su na jera su a tsaye cikin kwali a ɗakin Inna na ƙasa, inda ya fi sanyi, nesa da rediyo da lasifika. Yanzu na'urar bidiyo mai aiki nake nema, wadda ba ta cin zare. Duk mai ita a tsakanin Gusau da Sakkwato, ko mai tsohon kaset da ke shirin zubarwa, ya aiko da saƙo ta ofishin mujallar nan, zan zo da kaina in ɗauka.